Na fara karɓar kwangilar saka esi da hita, ta yaya zan kare yarana daga haɗari a wajen aiki?

Tambayarka ita ce, ka buɗe naka kamfanin na saka esi da hita, kana da yara huɗu a ƙarƙashinka, biyu sun iya aiki biyu 'yan koyo ne, kana so ka san kayan kariyar da ya kamata ka saya musu da kuma abin da ya fi jikkata masu wannan sana'a.

To ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a abin da ka fara, kuma wallahi na ji daɗi da ka yi tambayar tun kafin wani abu ya faru, dan yawanci sai an kwantar da yaro a asibiti ake fara neman sani. Hular kwano da safar hannu da takalmi duk ka saya, zan zo kansu, amma ba su ne ke raba yaro da mutuwa a wannan aikin ba. Abin da ke raba shi da ita shine shawarar da kai oga ka yanke tun kafin a loda kaya a mota, mutum nawa ka tura, awa nawa ka ba su, da me za su hau sama, waye ke riƙe da makullin bireka. In ka karɓi aikin kwana biyu ka ce a gama a yini ɗaya, ka tura mutum biyu inda ake buƙatar uku, to kai ka zaɓar wa yaron nan ya ɗauki injin waje, wato ɓangaren esi da ake kafawa a wajen ɗaki, shi kaɗai a kan tsani, hula kuwa ba ta hana wuya karyewa.

Faɗuwa ita ce babba. A Amurka inda suke rubuta kowace mutuwa ta wajen aiki, faɗowa daga sama ce ke kan gaba wajen kashe ma'aikatan gini shekara da shekaru, shi ya sa hukumarsu ta OSHA mai kula da tsaron ma'aikata ta ce a aikin gini daga ƙafa 6, wato wajen mita 1.8, dole a yi wa mutum kariya. Mita 1.8 fa, tsayin mutum kenan, mu kuma kullum muna rataye injin waje a mita uku ko huɗu ko a bene na biyu. Ka san yadda abin ke kasancewa, an ɗaura biraket, yaro ya saɓa injin a kafaɗa kilo talatin da wani abu yana hawa da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙasa ya taka ƙafar tsani yana kallon sama, da ya kai sai ya miƙa jiki gefe dan ƙafafun injin su zauna daidai ramin noti, a wannan lokacin cibiyarsa ta fita daga tsakanin sandunan tsani, nauyi ya koma gefe guda, tsani ya zame. Na ƙasan ba abin da zai iya yi, ƙarshenta ma injin a kansa zai sauka.

Hukumar HSE mai kula da tsaron ma'aikata a Birtaniya ta faɗi abin a fili, tsani na aiki mara nauyi ne kuma gajere, kar abin da ka ɗauka ya wuce kilo 10, kar ka wuce minti 30 a wuri ɗaya. Ko ƙaramin injin waje ya wuce kilo 10 nesa ba kusa ba. Dan haka ka kafa doka a kamfaninka, injin waje ba ya hawa a kafaɗa. Ko a kafa sikafol, wato dandamalin ƙarfe da ake tsayawa a kai, ko a ja shi da igiya daga sama an ɗaure ta a abu mai ƙarfi, na kan tsani aikinsa daidaitawa da ɗaure noti kawai. Shi tsanin kuma, duk mita 4 na tsayi ƙafarsa ta ja baya mita 1 daga bango, in za a hau rufi da shi ya zarce bakin rufin da mita 1, a ɗaure kansa, kar a taka matakai ukun ƙarshe, kar a ɗora ƙafarsa a kan bulo ko durom dan ya ƙara tsayi. Hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya su kasance a jikinsa lokacin hawa da sauka, kayan aiki a jaka ko a ɗamara. In akwai wayar wuta kusa, tsanin alminiyom ba ya zuwa wurin, na faiba ake ɗauka.

Kuma tun wajen zaɓar inda za a kafa injin ake rage rabin matsalar. Kwastoma zai ce maka a kai shi can sama dan kar ya ɓata masa fuskar gida, kai ka tuna wani zai dawo wanke shi da duba gas shekara bayan shekara, watakila yaronka ne. In akwai wuri a ƙasa ko a baranda da iska ke wucewa, ka yi gardama a kai har ya yarda.

Ɗamarar tsaro ta jiki gaba ɗaya tana da amfani amma mutane na yaudarar kansu da ita. Ƙarfin wurin da aka maƙala ta shine komai, ƙa'idar OSHA ita ce ya iya ɗaukar wajen kilo 2,270 ga mutum ɗaya, kaga biraket ɗin esi da bututun ruwa da ƙarfen taga duk sun fita. Igiya mai tsawon mita 2 mai rage jijjiga kuma tana buƙatar wajen mita 6 na fili a ƙasa kafin ta tsayar da mutum, in bene ɗaya ne zai bugi ƙasa kafin ta yi aikinta. A irin wannan wurin gara ka gajarta igiyar yadda ba zai ma iya kaiwa bakin rufin ba. In kuma mutum ya faɗa ya rataye, dole a sauko da shi da sauri dan jini na taruwa a ƙafafu har ya suma, to ka san da me za ka sauko da shi tun kafin ya hau. A cikin silin kuwa katako kawai ake takawa ko a shimfiɗa falanki, allon silin ba ya ɗaukar mutum, haka tsohon kwano da robar da ake sawa a rufi dan haske. Ƙasan inda ake aiki a kewaye shi da igiya, sifana ce za ta suɓuce daga bene na biyu ta fasa kan wanda bai san ma ana aiki ba.

Sai wutar lantarki. Abin da zan roƙe ka ka cusa a kan yaranka shine, kashe esi da rimot ba kashe wuta ba ne, kuma an ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Gini na iya samun wuta ta hanya biyu ko uku, layin kamfani, janareta, inbata da sola, ɗaya ta tafi ɗaya ta shigo ba sallama, esin zamani kuma da yawansu suna tashi da kansu da zarar wuta ta dawo. A kashe bireka, a sa mata kwaɗo, makullin ya shiga aljihun wanda hannunsa ke cikin injin, a rataya takarda da sunansa. In mutum biyu ke aiki kwaɗo biyu. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ke hana mai gida ko mai gadi ko wani ma'aikacin ya zo ya ga bireka a ƙasa ya ɗaga ta da kyakkyawar niyya. Bayan haka a gwada da mitar auna wuta, kuma a gwada mitar kanta a wurin da aka san akwai wuta kafin da bayan, dan mitar da batirinta ya mutu ko wayarta ta tsinke a ciki sifili za ta nuna maka kana tsaye a kan wuta. Testa mai kwan fitila ba ta isa shaida ba. Sau da yawa zaka tarar wanda ya yi wayarin gidan ya sa bireka a kan nutural, ko an rubuta ɗakin da ba shi ba a jikin akwatin.

Ba wuta mai yawa ke kisa ba. Da miliamf ake auna wutar da ke ratsa jiki, daga wajen miliamf 10 zuwa 15 hannu ke damƙewa mutum ya kasa sakin waya, in ta wuce miliamf 30 ta ratsa ƙirji tana iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ake yin bireka mai gano yoyon wuta ta katse a miliamf 30. Ka sayi ta tafi-da-gidanka, duk dirila da injin bakyum da famfon wanki su bi ta cikinta, musamman inda ƙasa ke jiƙe. Jiki mai gumi kuma ya fi busasshe saurin shan wuta nesa ba kusa ba, mu kuwa kullum a jiƙe muke.

Kafasita, wato abin da ke ajiye cajin wuta a cikin inji, ita ce ke kama har waɗanda suka daɗe a sana'a, sabo da kaza ba ya hana yanka. An kashe bireka an gwada babu wuta, amma ita tana riƙe da nata cajin. A tsohon samfuri a sauke cajinta da rezista, wato abin da ke janye shi a hankali, mai om 20,000 da wat 5 ake yawan amfani da ita, ba a haɗa bakinta da sukudireba tana tartsatsi a fuskarka ba. Esi mai inbata ya fi haɗari, allon injin waje yana juya bolt 230 ya koma sama da bolt 300 na wuta mai tafiya ɗaya ya ajiye a manyan kafasitoci, kamfanoni da yawa suna rubuta a jira minti 10 bayan an kashe, sannan a auna da mita kafin hannu ya taɓa allon. Wani abu kuma da ba kowa ya sani ba, fankar irin wannan injin in iska na juya ta tana iya haifar da wuta ta mayar cikin allon ko da an kashe komai, a tsayar da ita ko a zare fulogin ta tukuna. Kafin huda bango ma a duba, waya na tafiya ne a miƙe sama ko gefe daga soket da makunni, na'urar gano waya a bango ba ta da girma, a sa ta a jaka. Wayar at, wadda ke kai yoyon wuta ƙasa, kuwa ba a barin ta dan ana sauri, ranar da kwamfiresa ta yi yoyon wuta jikin injin gaba ɗaya ke ɗauka, mai gida ko yaronsa ne zai taɓa.

Maganar gas nan zan fi daɗewa, dan nan ne sana'ar ta canza a 'yan shekarun nan kuma da yawa ba su canza tare da ita ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta sa ake janye tsohon gas ɗin esi R22 saboda illarsa ga sararin sama, gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 kuma ya sa ake rage irin su R410A saboda ɗumamar yanayi. Abin da ke maye gurbinsu shine R32 da R290, kuma duka biyun suna kama wuta. R32 da ɗan wuya, sai ya kai wajen kashi 14 cikin 100 na iskar wuri, R290 kuwa furofen ne tsantsa, irin gas ɗin girki, daga kashi 2.1 cikin 100 ya isa ya tashi da tartsatsin makunni. Wanda ya koyi aiki a zamanin R22 ya saba ya saki gas a ɗaki ya kunna wutar walda nan take, in ya yi haka da R290 ɗakin zai tashi da shi. Dan haka abu na farko da yaro zai yi in ya isa gaban inji shine ya karanta farantin da ke jikinsa ya ga wane gas ne, in ya ga alamar harshen wuta ya buɗe tagogi, a kashe duk abin da ke tartsatsi, babu sigari, abin kashe gobara a kusa, a kwashe gas ɗin a wanke bututun da naitirojin, a yanka shi da abin yanka bututu maimakon a narkar da walda. Kuma kar ka taɓa yarda a zuba gas mai kama wuta a injin da ba a ƙera shi dan haka ba, wai dan ya fi sauƙin samu.

Ƙarfin matsi ma ba ɗaya ba ne. A zafin digiri 35, R22 yana wajen psi 180 a gejin auna matsi, R410A yana wajen 295, in yana aiki a rana ɓangaren zafi na haura 400. Tiyo da gejin R22 ba na wannan aikin ba ne. Gas ɗin kuma in ya fito a ruwansa sanyinsa ya wuce misali, R22 yana tafasa a digiri 41 ƙasa da sifili, R410A da R32 wajen 52 ƙasa da sifili. Ka lura da yaro lokacin da yake kwance tiyo daga bawul, farin hayaƙi na fesowa a yatsunsa yana daurewa yana ci gaba da murzawa dan kar a yi asarar gas, bayan minti kaɗan fatar ta yi fari ta ƙandare, gobe ta yi bororo kamar ƙunar wuta. In a ido ne ana iya rasa idon. Tabarau da safar hannu duk lokacin da za a taɓa tiyo, kuma ka sayi tiyo mai ƙaramin bawul a bakinsa. In ya riga ya faru, a tsoma wurin a ruwan ɗumi na digiri 37 zuwa 39, ba a murzawa ba a kara shi a wuta, ido kuma a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 a wuce asibiti.

Abubuwa biyu ne ke fasa inji su kashe mutum nan take, ka sa su a gaba. Na farko gwada yoyo da oksijin. Akwai mai a cikin kwamfiresa da bututu, oksijin mai matsi in ya haɗu da mai fashewa yake yi ba sai an kawo wuta ba. Naitirojin kawai ake gwaji da shi, shi ma ta regileta mai rage matsi, dan silindarsa tana ɗauke da sama da psi 2,000 a geji, in ka buɗe ta kai tsaye cikin inji wani abu zai tsage. Kar a wuce adadin gwajin da aka rubuta a farantin injin. Na biyu wajen mayar da gas cikin injin waje in za a cire esi. An rufe ƙaramin bawul kwamfiresa na ja, sai yaro ya kwance bututu tun ba a rufe babban bawul an kashe inji ba, ko kuma akwai yoyo a layin, kwamfiresa ta zuƙi iska ta matse ta da mai da zafi, ta tarwatse, ƙarfenta ya tashi ya yanki duk wanda ke tsugune a gabanta. Kusan duk littafin saka esi ya yi gargaɗi a kan wannan. A kashe kwamfiresa kafin sifana ta taɓa notin bututu, haka wajen sabon sakawa, ba a tada inji sai bututu sun gama ɗauruwa.

Waɗannan gas ɗin duk sun fi iska nauyi, ƙasa suke kwanciya, yawancinsu kuma ba su da wari. A ɗakin inji na ƙarƙashin ƙasa ko ɗakin sanyi ko rami suna korar iskar shaƙa, wadda a daidai take kashi 20.9 cikin 100 oksijin, in ta sauka ƙasa da 19.5 wurin ya zama haɗari. Naitirojin ma yana korar iskar shaƙa. Mutum ba ya jin shaƙewa, jiri ne kawai sai faɗuwa. Ka gaya wa yaranka da babbar murya, in ɗayansu ya faɗi a irin wannan wurin kar na biyu ya ruga ciki, a buɗe ko'ina a hura iska a kira agaji, dan sau da yawa mai ceton ne ke zama gawa ta biyu. Silinda kuma ba a barin ta a rufaffiyar mota a rana, kar zafinta ya wuce digiri 50, ba a gasa ta da wuta dan gas ya fito da sauri, wadda ake kwashe tsohon gas a ciki kar a cika ta fiye da kashi 80 cikin 100 kuma a kan sikeli ake cikawa, wadda aka yi dan amfani ɗaya ba a sake ɗura mata.

Walda kuwa harshen oksijin da asitilin ya wuce digiri 3,000. Silindar asitilin a tsaye a ɗaure, kar matsinta a regileta ya wuce psi 15, a sa abin hana wuta komawa baya a tiyo biyun, hannu mai maiƙo ba ya taɓa regiletar oksijin. In wuta ta taɓa gas ɗin esi yana rikiɗewa ya zama hayaƙi mai guba mai ƙona huhu, wani wari ne mai yaji da ke shaƙe maƙogwaro, da an ji shi a kashe wuta a fita. Gobarar walda kuma ba a gabanka take tashi ba, tartsatsi ne ke faɗawa cikin soso ko ƙurar silin ya yi ta ci a hankali har ku tafi. Mutum ɗaya ya zauna yana dubawa aƙalla minti 30 bayan an kashe wuta, wasu ƙa'idojin ma awa 1 suke cewa, shi ya sa ba na son walda ta zama aikin ƙarshe da yamma.

Tunda ka ce har da hita da tukunyar dumama ruwa masu aiki da gas, to nan kuskurenka ba kai kaɗai zai kashe ba, har da iyalin da ke barci a gidan. Kabon monoksaid, gubar da wutar gas kan fitar, ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Yana fitowa ne in wuta ba ta samun isasshiyar iska ko bututun hayaƙi ya toshe ko ya kwance ko an karkata shi ba daidai ba. Harshen wuta ya zama shuɗi tsayayye, in ka ga rawaya mai lilo ko baƙin toka a jikin injin akwai matsala, amma ido ba ya isa, sai da na'urar auna hayaƙi, kuma ka sa wa gidan ƙararrawar gano shi kafin ka karɓi kuɗinka. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ke sauƙi in an fita waje, alamarsa kenan. Yoyon gas da kumfar sabulu ko na'ura ake nemansa, ba da ashana ba. Ƙasashe da yawa ma sai mai lasisi ke taɓa layin gas, ka bi dokar inda kake. A tsofaffin gine-gine kuma in ka ga farin abu mai zare-zare an naɗe bututu ko tukunya da shi, ko tsohon allon silin, ka ɗauka asbestos ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kar a huda kar a kankare kar a share da tsintsiya. Ƙurarsa na jawo kansar huhu bayan shekara 20 zuwa 40 ko fiye, Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999 amma yana nan a gine-ginen da aka yi kafin nan.

Zafi ma kisa yake yi, cikin silin da kan rufi da rana na iya haura digiri 50. Irin wannan aikin da sassafe ake yinsa. Kofi ɗaya na ruwa duk minti 15 zuwa 20 ko ba a jin ƙishi, a sauko a huta a inuwa, kuma ba a barin mutum shi kaɗai a silin ba wanda ke kiran sunansa. 'Yan koyonka biyu su ne a gaba wajen haɗari, OSHA ta ce yawancin waɗanda zafi ke kashewa a wajen aiki a kwanakinsu na farko ne, jiki na buƙatar sati ɗaya zuwa biyu ya saba, sabon yaro kuma ba zai ce ya gaji ba dan kar a ce masa rago. In ka ga mutum ya ruɗe, maganarsa ta hargitse ko yana tangaɗi, a sauko da shi a cire masa riga a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a nemi asibiti a lokacin, ba a jira ya ɗan huta.

Sauran su ne masu cin mutum a hankali, baya da gwiwa da kunne da huhu. Ma'aunin HSE kilo 25 ne ga namiji in kayan na manne da jiki a daidai ƙugu, sama da kafaɗa kilo 10, in an miƙa hannu a can sama kilo 5. Ka sayi amalanken hannu da maɗaurin ɗaukar kaya. Ƙurar huda kankare tana taruwa a huhu ba ta fita, takunkumi mai tace ƙura irin N95 ko a jiƙa wurin, ƙyalle ba ya tare ta. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta kai wadda ke kashe kunne, a toshe. Babbar dirila in ta cije a rodi hannu take murɗewa ta jefar da mutum daga tsani, a riƙe ta da mariƙin gefe. Ruwan wankin kwayil wani soda ne mai ƙarfi wani asid, a karanta jikin galan, tabarau da safar roba, a fesa iska na bayanka.

Kayan da za ka saya kenan sun fito da kansu, tabarau ga kowa kuma a fuska ba a aljihu ba, safar hannu mai hana yanka dan bakin kwano da fikafikan kwayil, ta fata dan walda, ta roba dan sinadari, amma ba a sa safa kusa da abin da ke juyawa, takalmi mai ƙarfe a baki da ba ya santsi, hula mai igiyar haɓa, kwaɗuna, mita mai kyau, abin kashe gobara mai hoda, akwatin taimakon gaggawa. Kuɗinsu da na sikafol da na mutum na uku ka sa su cikin lissafin kwangila tun farko. Wani kwastoman zai ce ka yi tsada ya tafi wurin wanda zai hau da igiyar shanya, ka bar shi ya tafi.

Zaka ji ana cewa tsautsayi ne in abu ya faru. Mun yarda da ƙaddara, amma yaron nan iyayensa amana suka ba ka, kuma shi ba abin da ka faɗa yake kwaikwayo ba, abin da ya ga kana yi ne. In kai ka taɓa waya ba ka gwada ba shi ma haka zai yi ranar da ba ka nan. Kowace safiya ku tsaya minti biyar a gaban aikin, ina bireka, wane gas ne, ta ina za a hau, wane asibiti ne kusa. Ka ba ko ƙaramin cikinsu damar ya ce oga wannan ban yarda da shi ba, kuma ranar da ya faɗa kar ka yi masa tsawa, haka in tsani ya zame ba wanda ya ji ciwo ko wuta ta ɗan ja wani, ka sa su gaya maka ba tare da tsoron a cire musu kuɗi ba, dan a nan ne zaka gane tsanin da ya kamata a jefar da wayar da ta ɓare. Ɗan koyo ba ya aikin wuta ko gas shi kaɗai. In akwai inshorar ma'aikata a inda kake, ka shiga.

In wutar lantarki ta kama mutum ba a taɓa shi, a kashe bireka ko a ture shi da busasshen katako. In ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, wani na kiran agaji, ba a tsayawa har taimako ya zo. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, in ya suma ko ya ƙone ko ƙirjinsa na ciwo a kai shi a duba zuciyarsa. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya ba a ciccibarsa a zaunar, a riƙe kansa yadda yake. Ka nemi inda ake koyar da taimakon gaggawa ku je ku biyar ɗin, kowa ya danna ƙirjin roba da hannunsa a gaban mai koyarwa, karantawa a waya ba ta isa ba.